Gyaren da Ke Kwana a Kunnena

An ce kunne ya girmi kaka.
To, ni ne kakan,
kuma kunnen nawa ya riga ni tsufa.

Shekara ashirin da uku na yi a masaƙar safa a Leicester,
injuna suna taunar zare tun asuba,
ina tsaye tsakaninsu kamar mai rabon faɗa.
Ranar da aka rufe masaƙar
kowa ya ɗauki kofin shayinsa da rigar sanyinsa.
Ni na taho da gyare.

Yana can ciki, ta hagu,
ba ya cin tuwo, ba ya biyan haya.
Tsiiii, dare da rana.
Gyaren Malumfashi yakan yi tsit in ka tako kusa;
wannan ko na toshe shi da yatsa
sai ya ƙara gyara zama.

Sannu a hankali magana ta fara zubewa a hanya,
wasula su iso, baƙaƙe su maƙale a ƙofa.
Na koyi gyaɗa kai.
"Haka ne, haka ne" ta zama sandata.
A sahu ina satar kallon kafaɗar na kusa
don in san liman ya yi ruku'u.
Barira ta ce maƙwabta ta bango suke bin labaran talabijin ɗina.
Na ce ku ne kuke magana ƙasa-ƙasa kamar magulmata.

Sai wata Juma'a, bakin shagon nama,
Mudi ya riƙe hannuna ya daɗe yana magana,
bas tana wucewa, gyare yana aikinsa.
Na washe baki na ce, "Madalla, madalla!"
Ya saki hannuna a hankali.
A gida Barira ta rubuta a bayan ambulan:
ƙanwarsa ce ta rasu.

Daren nan ban ɗora wa gyare laifi ba.

A asibiti suka rufe ni a ɗaki mai kama da akwati.
Wata ma'aikaciya, Misis Haldane, ta damƙa mini maɓalli:
in ka ji ƙara, ka danna.
Na ce, wace ƙarar, taku ko tawa?
Ta yi dariya, sai kuma ta daina,
ta rubuta wani abu.

Bayan mako shida, na'urori biyu,
kowace ba ta fi ƙwallon dabino ba,
launin furfurata,
ta maƙala su a bayan kunnuwan.
Abin da na fara ji, takarda ce.
Ashe takarda tana da baki.
A mota sigina tana ƙas, ƙas, ƙas,
yayyafi yana taka rufi da ƙananan ƙafafu.
A gida cokali yana rigima da faranti,
firji yana gunaguni shi kaɗai,
Barira kuwa, ashe hira take yi da albasa in tana yanka ta.
Har na kai hannu zan cire su.
Duniya ta yi surutu a bayan idona.

Jikata Rumasa'u ta zagaya bayana,
inda ba na ganin leɓenta,
ta raɗa da Hausarta mai ɗingishi:
"Kaka, kana ji?"
Ban juya ba.
Na bar ta ta maimaita,
don daɗinsa kawai.

Gyare bai tashi ba, kada in yi muku ƙarya.
Ya dai samu maƙwabta masu yawa, ya rage isa.
Da dare in na kwantar da su a caja,
fitilu biyu kore suna ƙifta ido,
sai ya dawo ya miƙe ƙafa. Mun saba.

Gobe bayan la'asar zan je gidan Mudi.
Na makara da wata uku.
Zan cire takalmi, in zauna kusa,
in ce ya faɗa mini daga farko.
Ko sunanta ban ji ba.